Hira Sau Ɗaya ko Komawa ga Mutum: Kwatanci daga Binciken 'Yan Ci-ranin Poland

Malama, tambayarki ita ce: a binciken da kike shiryawa kan 'yan ƙasar Poland mazauna Ingila, ko ya fi dacewa ki tattauna da mutum arba'in sau ɗaya, ko kuwa ki ɗauki goma sha biyar ki riƙa komawa wurinsu har tsawon shekaru biyu ko uku. Kin kuma ce abin da kike son ganowa shi ne yadda suke yanke shawarar zama ko komawa gida, kuma a kan wannan na gina amsata.

Poland ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga Mayu 2004, Birtaniya da Ireland da Sweden kuma suka buɗe wa ma'aikatanta ƙofa nan take. A ƙidayar 2001, haifaffun Poland da ke Ingila da Wales sun kai kimanin 58,000, amma a ta 2011 sun kai 579,000. Da yawa daga cikinsu sun shigo ne da nufin yin shekara ɗaya ko biyu su tara kuɗi su koma.

Hira sau ɗaya tana da amfanin da ba na raina shi. Da ita za ki ji muryoyi iri-iri: magini, ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi, mai digiri da ke wanke kwanuka a otal. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ana kammala ta cikin wa'adin karatu. Masu bincike John Eade da Stephen Drinkwater da Michał Garapich, da suka yi aiki a Landan wajen 2006, sun kasa waɗannan baƙi gida huɗu: masu zuwa suna komawa da yanayi, waɗanda suka kira shamuwa; masu zama na ɗan lokaci don tara jari; masu barin ƙofa a buɗe ba tare da tsayar da magana ba; da masu niyyar zama dindindin. Bahaushe ba zai sha wuyar gane na farkon ba, domin ya san shamuwa, ya kuma san cin rani. Sai dai wannan rabe-rabe hoton rana ɗaya ne. Ba zai gaya miki ko shamuwar bara ta yi sheƙa ta zauna bana ba.

A nan ne komawa ga mutum take nuna fifikonta. Idan kika tambayi wanda ya shekara goma a Landan dalilin zamansa, zai ba ki labari shiryayye mai kai da gindi, har ya ce tun farko haka ya yi niyya. Ba ƙarya yake yi ba. Ɗan Adam yakan gyara jiya domin ta dace da yau. Amma idan kina riƙe da maganar da ya faɗa da bakinsa shekaru uku da suka wuce, cewa da zarar ya kammala ginin gidansa a Poland zai tafi, to kin samu abin da hira ɗaya ba za ta taɓa ba ki ba, wato tazarar da ke tsakanin niyya da aiki, tare da abin da ya cike ta: haihuwa, shigar yaro makaranta, ƙarin girma a wurin aiki, ko rasuwar mahaifiyar da dominta ake son komawa.

Masu bincike a Kwalejin Trinity ta Dublin sun bi 'yan Poland 22 suna hira da su a kai a kai daga 2008 zuwa 2010, sai aikin ya faɗo daidai lokacin da tattalin arzikin Ireland ya durƙushe, harkar gine-gine da ta ɗauki mazansu da yawa ta tsaya cik. An yi zaton baƙin za su watse, amma ƙidaya ta nuna 'yan Poland a Ireland sun ƙaru daga kimanin 63,000 a 2006 zuwa sama da 122,000 a 2011. Alƙaluma sun faɗi cewa an zauna. Wanda yake komawa ga mutanen ne zai ji yadda kowa ya auna rashin aiki a Dublin da ƙarancin albashi a gida. Haka ma ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta 23 ga Yuni 2016: mai binciken da ya yi hira kafin ranar kuma ya koma wurin mutanen bayanta yana da abin kwatantawa, wanda ya zo daga baya kuwa sai abin da aka tuna aka ba shi.

To amma wahalarta ba ƙarama ba ce. Babbar matsalar ita ce ɓacewar mutane, domin lambar waya takan canza, a bar gida, a bar gari. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka fi saurin ɓacewa su ne waɗanda suka koma Poland ko suka wuce Jamus ko Norway, alhali su ne rabin amsar tambayarki. Idan ba ki yi hattara ba, za ki ƙare da masu zama kawai, ki rubuta cewa kowa zama yake yi. Saboda haka tun a hirar farko ki nemi izinin sake tuntuɓa a rubuce, ki karɓi hanyar sadarwa fiye da ɗaya, ki kuma shirya yin hira ta WhatsApp da wanda ya tafi. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Turai a 2018 ta sa ajiye lambar wani ba tare da amincewarsa ba ya zama abin tuhuma, don haka komawa ga mutum da aka tsara tun farko ta fi wadda aka faɗa cikinta daga baya sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma nauyin amana. A hira ta uku mutum ya saba da ke, zai faɗa miki mutuwar aurensa ko bashin da ke kansa kamar yana magana da 'yar'uwa, ya manta cewa na'ura tana ɗauka. Wajibi ne ki sabunta neman izini a kowane zama. Sakaya suna ma yana ƙara wuya, domin idan bayanan shekaru suka taru, garin asali da sana'a da yawan 'ya'ya sun isa a gane mutum a cocin da yake zuwa ranar Lahadi.

A ganina, tunda tambayarki a kan sauyin shawara take, ki ɗauki hanya ta biyu, amma ki fara da mutum ashirin da biyar maimakon goma sha biyar, domin wasu za su zube a hanya, ki kuma bar aƙalla wata takwas tsakanin zama da zama.