Na yi horon malamin kayak a kulob ɗin jami'a: koyarwa ta yi, takarda ta ba ni haushi

Tun da na dawo Maraɗi ƙannenmu masu shirin tafiya karatu Faransa ke tambayata ko su ma su shiga kulob ɗin kayak na jami'a, tunda sun ji an ce har takardar koyarwa ake samu. Koyarwar dai ta fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Amma akwai maganar takardar, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Kun san irin ruwan da muka tashi da shi: gulbi in ya kawo da damina, wanda iyaye ke hana mu ko kusantarsa, sai tabkin Madarumfa. A can kuwa ba a barin ka hau jirgi sai ka kawo shaidar cewa kana iya iyon mita 25 kuma kana iya nutsewa ka fito. Da wannan na fara. Shi kayak ɗan siririn jirgi ne, kana zaune ƙafafunka miƙe a cikinsa, filafilinka mai baki biyu, ba irin na masuntanmu mai baki ɗaya ba. Asalinsa na mutanen Inuwit ne masu farauta a ruwan ƙanƙara, daga baya Turawa suka mai da shi wasa, har ya shiga gasar Olamfik a 1936. Hukumar wasan a Faransa, FFCK, ta raba ƙwarewa mataki-mataki da launin filafili: fari, rawaya, tsanwa, shuɗi, ja, baƙi. Sai ka ɗan hau sama kafin a yarda ka shiga horon masu koyarwa.

Abin da ya sa nake yabon wannan horo rana ɗaya ce, ranar jarrabawa a sitaj ɗinmu na ƙarshe, wato fitar da ake yi a gwada aikin a kogi. Bayan hunturu ne, ƙanƙarar duwatsu na narkewa tana gangarowa kogi, ruwan in ka sa hannu kamar zai yanke ka. Mai horar da mu wata mata ce da ta manyanta, ƴar ƙarama, ba ta ɗaga murya. Tsarin shi ne kowane ɗayanmu zai ja ayarin sabbin ɗalibai ya sauko da su wani yanki na kogin, ita kuma ta shiga cikinsu kamar ɗaliba.

Wanda ya fara wani yaro ne da duk kulob ɗin ke ji da shi. Tun yana ƙarami yake tseren bi ta tsakanin sanduna a ruwa mai gudu, in jirginsa ya kife kafin ka ƙifta ido ya juyo da shi da filafili ba tare da ya fita ba. Kowa ya ɗauka cin jarrabawarsa an gama. Da aka iso inda ruwa ke ƙara gudu, sai ya wuce gaba don ya nuna wa yara yadda ake shiga lungun bayan dutse, inda ruwa ke kwanciya a huta. Ya nuna, kuma wallahi ya yi kyau. Ya sake nunawa. A daidai lokacin matar nan, tana can ƙarshen layi, ta kifar da jirginta da gangan ba tare da ta ce uffan ba, ta zauna a ƙarƙashin ruwa, ta fito da hannuwanta tana bubbuga jikin jirgin, wanda shi ne alamar neman ceto da aka koya wa kowa tun ranar farko. Mu da ke bakin gaɓa muna ji. Shi bai ji ba, bai waiwaya ba, hankalinsa na kan filafilinsa. Sai da ta gaji ta juyo da kanta.

Ta kada shi. A gaban kowa, cikin natsuwa, ta ce masa ya fi ta iya tuƙi, kuma ba ta da shakka a kan haka, amma ba za ta sa hannu a ba shi ƴaƴan mutane ba. Ta ce malami a ruwa aikinsa ƙirga kawuna, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, kuma ya tsaya a ƙasan wurin haɗari, inda duk wanda ya faɗi ruwa zai kawo masa shi. Shugabannin kulob suka zo suna roƙo, wai shi ne ke ciyo musu lambobi. Ta ƙi. Ni da na saba ganin ana ɗaga wa mai suna ƙafa, abin ya girgiza ni, kuma daga ranar na yarda cewa sa hannun matar nan yana da nauyi.

Da layi ya zo kaina kuwa ba ta buƙaci yin wasan ba, don abin ya faru da gaske. Wata yarinya ta karkata ta gefen da ruwa ke tahowa, ruwan ya kama bakin jirgin ya kifar da ita. Akwai wani zanen roba da ake ɗaurawa a ƙugu a rufe bakin jirgi da shi don kada ruwa ya shiga, yana da madauki a gaba wanda za ka ja ka fita in ka kife. Tsoro da sanyi suka sa ta manta da shi. An sha gaya mana cewa a ruwan sanyi abin da ke fara kashe mutum shi ne numfashin nan da jiki ke ja da ƙarfi ba da son ransa ba a daƙiƙun farko, tun kafin a zo maganar daskarewa. Ina tsaye inda aka ce in tsaya, don haka ruwan ya miƙo mini ita. Na jera jirgina da nata, na kwanta a kan natan da ya kife, na kai hannu ɗaya gefen na damƙi rigar cetonta, na danna gefen da ke kusa da ni na ja, ta taso tana tari. Ban yi tunani ba ko kaɗan, hannuwana ne suka yi abin da matar nan ta sa muka maimaita a wurin iyo har muka ƙosa da ita. Allah ya saka mata da alheri.

To, da a nan labarin ya tsaya da na ce kowa ya je ya yi rajista gobe.

Ranar da na biya kuɗin shiga horon, mai karɓar kuɗin ya ce mini da bakinsa wannan takarda za ta buɗe mini ƙofar aikin bazara. Ɗalibi baƙo a Faransa doka ta ba shi damar aiki awa 964 a shekara, kuma duk wanda ya zauna can ya san da wannan ake cike giɓin kuɗin ɗaki. Da wannan lissafin na shiga. Da na karɓi takarda na fara neman aiki a wuraren hayar jirage na kwazazzabon kogin Ardesh a kudancin Faransa, inda ƴan yawon buɗe ido ke cika da zafi. Nan aka gaya mini abin da ya kamata in ji tun farko: a dokar ƙasar ba mai koyar da wasa a biya shi sai yana da difloma irin ta gwamnati, kamar BPJEPS, ko shaidar sana'a da ake kira CQP. Tawa ta ƴan sa kai ce, a cikin kulob take aiki, kyauta. An ba ni doki an riƙe linzami. Da na koma na yi magana sai aka ce ai a rubuce yake a cikin takardun hukuma. A rubuce yake, gaskiya ne, amma mutumin da ya karɓi kuɗina ya san dalilin da ya kawo ni, ya kuma faɗi abin da ya faɗa.

Daga nan sauran abubuwan da na yi ta haɗiyewa suka dawo mini. Duk ƙarshen mako mu ne masu ɗora jirage a mota, mu ne masu kula da sabbin shiga, ba ko sisin kwabo. Rigunan sanyin da ake ara mana sun tsufa, wasu a yage a gwiwa, ga warin danshi. A sitaj na rubuta tun kafin mu tashi cewa ba na cin naman alade, aka ce an ji, na ƙare da burodi da cuku. Ɗakin sauya kaya kuma ba labule, ni dai a bayan mota nake sauya nawa cikin wannan sanyi. Ba wanda ya yi don mugunta, amma ba wanda ya damu.

Duk da haka ban ce kuɗina sun faɗi banza ba. Da na je Madarumfa na zauna da wani dattijon masunci da ya san mahaifina, ina ba shi labarin matar nan. Ya ce, "Ɗana, mu ma haka iyayenmu suka koya mana, gwanin iyo shi ruwa ya fi ci." Na ce, "Baba, to me ya hana a sa rigar ceto?" Ya ce tsada, kuma mutane na ganin ta matsorata ce. A nan nake ganin abin da na koyo zai yi amfani, ko da babu kayak ko ɗaya a tabkin: rigar ceto, jefa igiya daga gaɓa maimakon faɗawa ruwa bayan wanda ke nutsewa, da rage lodi a kwale-kwale.

Abu ɗaya da horon bai taɓo ba ko sau ɗaya shi ne tsargiya. Su ba su da ita a lissafinsu, mu kuwa ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa ta, kuma rabin darussan da na iya sai an kifar da yaro cikin ruwa da gangan. Na rubuta wa matar na tambaye ta, ta ce in fara zama da likitocin yankin kafin in sa ɗan kowa a tabkin, kuma abin da nake kai yanzu ke nan. Ku kuma masu tafiya, kafin ku miƙa kuɗi, ku sa a rubuta muku sunan takardar da za a ba ku, da ko ana biyan mai ita.