Kimanta Lokacin Sake Rubuta Shirin PLC: Ƙirga Mashiga da Mafita, ko Rarraba Aikin Gaɓa-Gaɓa?

Malam, ka ce kana da tsohon injin cika kwalabe wanda PLC-5 ta Allen-Bradley ke sarrafawa (PLC ita ce kwamfutar da ke tafiyar da injinan masana'anta), an yanke shawarar mayar da shi kan ControlLogix, wato sabon samfurin PLC na kamfanin, kuma manaja yana jiran ka faɗa masa kwana nawa aikin zai ci. Wani ya ba ka shawarar ka ƙirga mashiga da mafita, wato wayoyin da ke kai saƙo cikin PLC da waɗanda ke fitar da umarninta, ka ninka da awoyi, wani kuma ya ce ka rarraba aikin gaɓa-gaɓa ka kimanta kowace gaɓa. Ana amfani da hanyoyin biyu, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Hanya ta farko tana da sauƙi da sauri. Za ka ɗauki zanen wayoyi ka ƙirga kowace sensa da maɓalli da bawul da injin lantarki da ke haɗe da PLC, sannan ka ninka jimillar da awoyin da ka saba ɓatawa a kan kowane ɗaya. Cikin yini guda ka samu adadi, kuma manaja zai fahimce shi ba tare da dogon bayani ba. Tana aiki sosai idan sabon inji ne irin wanda ka taɓa yi, domin a nan ka riga ka san abin da ke bayan kowace waya. Rauninta shi ne tana ɗaukar duk wayoyi daidai suke, alhali waya ɗaya fitila kawai take kunnawa, wata kuma ita ce ke buɗe bawul wanda sai sharuɗɗa da yawa sun cika kafin ya buɗe, kuma dole ya rufe da kansa idan matsi ya faɗi. A ƙirga dai ɗaya da ɗaya ne, amma a aiki tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce.

Hanya ta biyu tana farawa daga abin da injin yake yi. Za ka rubuta jerin matakansa tun daga shigowar kwalba har fitarta, da yadda yake aiki idan ma'aikaci ya mayar da shi tuƙin hannu, da ƙararrawar gargaɗi, da sharuɗɗan kariya, da allon ma'aikaci, da sadarwarsa da sauran injuna, da kuma yadda yake farfaɗowa idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki. Kowace gaɓa sai ka ba ta adadi uku: idan komai ya tafi daidai, da wanda ya fi yiwuwa, da idan abubuwa suka cije. Wannan shi ne lissafin PERT da rundunar ruwan Amurka ta ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1950 don aikin makamin Polaris. Ana haɗa na farko da na ƙarshe da ninki huɗu na na tsakiya, a raba da shida. A ce sadarwa da allon ma'aikaci kwana 4 ne idan an yi sa'a, kwana 6 a al'ada, kwana 14 idan ta cije. Lissafin zai ba ka kwana 7. Wannan hanya tana cin kwanaki kafin ta ba da amsa, kuma wanda bai san injin ba ba zai iya yin ta ba.

A aikinka na fi karkata ga ta biyu, saboda sake rubutu ya sha bamban da sabon rubutu: yawancin lokacin yana tafiya ne wajen karanta tsohon shirin da gwada sabon, ba wajen bugawa ba. PLC-5 ba ta ajiye bayanan da mai shirin ya rubuta a gefen layuka a cikinta, suna zama ne a fayil ɗin kwamfutarsa. Idan fayil ɗin ya ɓata, abin da za ka sauko da shi zanen tsani ne, wato shirin a jere layi-layi kamar matakan tsani, tsirara mai adireshi irin su N7 da B3, sai ka bi kowanne ka gano ma'anarsa. Ga kuma gyare-gyaren da masu kula da injin suka yi ta yi shekara da shekaru ba a rubuta ba, ta yadda zanen wayoyi yana faɗin abu ɗaya, akwatin lantarki yana nuna wani. Ƙirga wayoyi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada kuma manhajar juya shiri da Rockwell, kamfanin da ya mallaki Allen-Bradley, ke bayarwa ta sa ka rage kwanaki da yawa. Tana juya mafi yawan layuka, amma tana barin wuraren da dole a gyara da hannu, musamman sadarwa da katunan analog, masu karɓa ko aika ma'auni mai hawa da sauka kamar na matsi. Akwai wani bambanci da ya kamata ka ware masa lokaci na musamman: PLC-5 tana sabunta mashiga da mafita na rakinta, wato akwatin da katunanta ke ciki, tsakanin zagayen shiri ɗaya da na gaba, ita kuwa ControlLogix tana iya sabunta su shirin yana tsakiyar gudana. Layin shirin da ya yi shekaru yana aiki lafiya zai iya fara kuskure jefi-jefi, kuma irin wannan kuskuren ya fi kowanne wuyar kamawa.

Hanya ta farko ba ta rasa amfani: yi ta don samun adadin farko na kasafi, ka kuma auna sakamakon ta biyu da ita, idan suka yi nisa da juna ka san akwai abin da ka tsallake. Amma kafin ka ɗaure kanka da rana, nemi a ba ka 'yan kwanaki na bincike kawai, ka sauko da shirin da ke cikin PLC a yanzu ka kwatanta shi da fayil ɗin da ke hannu, ka zauna da ma'aikatan da ke tuƙa injin. Bayan haka ka ba manaja adadi biyu daban: kwanakin rubutu da gwaji a ofis, da kwanakin da injin zai tsaya ana haɗawa da gwadawa da kwalabe na gaske. Na biyun shi ne wanda ke taɓa kuɗin masana'anta, don haka ka sa a cikinsa lokacin mayar da tsohuwar PLC idan gwajin farko bai yi ba.