El padrecito ko Macario: wanne za a fara kallo?

Masu son tsofaffin finafinan Meziko sun sha tambayata wanne za su fara da shi, tunda duka biyun talaucin ƙauye da imani suka taɓo.

El padrecito (1964) fim ne mai launi na Cantinflas, ɗan wasan barkwancin Meziko. Wani matashin fada (limamin coci) aka tura ƙauye, mutanen gari suka ƙi shi, shi kuma ya sa ƙafar wando ɗaya da attajirin da ke tatsar talakawa. Akwai dariya sosai, sai dai rabin barkwancin a bakin Cantinflas yake, surutu ba kai ba gindi cikin Sifaniyanci, fassarar ƙasan allo kuwa ba ta iya kamo shi.

Macario (1960) baƙi da fari ne, kuma ya fi gajarta. Labarin wani mai saran itace ne da yunwa ta ci ƙarfinsa, burinsa kawai ya cinye talotalo guda shi kaɗai. Da ya samu, ya hana Shaiɗan, ya ba Mutuwa rabi. Wannan ko ba ka jin yaren, fuskar jarumin fim ɗin, Ignacio López Tarso, ta ishe ka. Shi ne fim ɗin Meziko na farko da ya kai zagayen ƙarshe na takarar Oscar ta finafinan harsunan waje.

Mai neman nishaɗi da iyali ya ɗauki El padrecito. Mai son labarin da zai kwana yana juyawa a rai, Macario ne nasa.