Hawan doki da yara a gandun dajin Yelosuton: akwai tsada, amma zan sake biya

Duk wanda ya iya doki, yake kuma sa ran za a sakar masa linzami ya yi sukuwa a filin Allah, to ya riƙe kuɗinsa. Hawan da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a gandun dajin Yelosuton na Amurka ba irin wannan ba ne. Jerin gwano ake yi, hancin wannan doki a wutsiyar wancan, ko sassarfa ba a yarda da ita ba. Duk da haka, cikin abubuwan da muka kashe wa kuɗi a wannan tafiya, ni da maigida da yara, shi ne wanda ko gobe aka ce in sake biya ba zan yi gardama ba.

Mota ce ta jawo. Gandun ƙato ne, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, yawancinsa a jihar Wayomin, ɗan gefe a Montana da Aidaho. Mutum sama da miliyan 4 ke shiga a yawancin shekarun nan, kuma galibinsu ta gilashin mota suke kallonsa. Babban titin da ya zagaye shi kamar lamba 8 tsawonsa mil 142 ne, ba a wuce gudun mil 45 a awa, sannan ɓauna ɗaya in ta ga dama ta tsaya a tsakiyar kwalta, kowa sai ya jira ta. A sauka, a ɗauki hoto, a koma mota. Ko maɓuɓɓugar Old Faithful, mai feso tafasasshen ruwa sama kusan duk awa ɗaya da rabi, a cikin turmutsutsun jama'a muka kalle ta. Yaran suka fara ƙosawa, aka koma rigima a kan kujerar bakin taga.

Muka kama wuri ta intanet a ɗaya daga cikin kamfanonin da hukumar gandun ta ba izinin hawa da baƙi. A nan ne aljihu ya fara jin jiki. Shigar mota guda da duk mutanen cikinta dala 35 muka biya, na kwana 7, amma kuɗin hawan mutum ɗaya tak ya zarce wannan, ga shi ba su yi wa yara wani ragin kirki ba. Akwai kuma sharuɗɗa: sai yaro ya kai shekara 8, akwai iyakar nauyin da doki zai ɗauka, ba a goyo, ba a haɗa mutum biyu a sirdi ɗaya. Autanmu bai kai ba. Babansa ya zauna da shi a bakin barga, yana ta kumbure-kumbure. Mai ƙananan yara ya san da wannan tun a gida, don roƙo ba ya aiki a wurinsu.

Kafin hawa aka ba mu takardar da ke cewa in an faɗo ba ruwan kamfani, muka sa hannu. Aka raba hular kwano. Ta yara dole ce. Tawa ta zauna daidai a kan ƙaramin hijabi, amma wata budurwa cikin 'yan kaboyin da ke kula da dawakan ta roƙe ni, cikin ladabi, in cusa bakin mayafina a riga, kada iska ta kaɗa shi doki ya firgita. Jaka ma a mota ake barin ta. Dogon wando da takalmi rufaffe kuwa ba zancen ado ba ne, fatar sirdi da ƙarfen likkafa ba sa tausayin ƙwauri.

Dawakan sun burge ni. Ƙosassu ne, kofatonsu a gyare, ba gyambo a baya, ba wanda haƙarƙarinsa ya fito. Kallon mutum kawai suke yi su zaɓa masa doki, kuma sun iya zaɓi. Babbar 'yata, wadda tun a mota take cewa ita fa kallo kawai za ta yi, aka ba ta wani tsohon kili mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ƙaninta mai rawar kai aka haɗa shi da wani bikili mai shegen kwaɗayi. Sirdin irin na kaboyi ne, mai faɗi, da ƙaho a gaba wanda sabon shiga zai riƙe. Darasin bai ɗauki lokaci ba: linzami a hannu ɗaya, ka kai hannun dama doki ya yi dama, ka ja baya a hankali ya tsaya, dunduniya ƙasa, kada ka bar shi ya ci ciyawa.

Wannan na ƙarshen shi ya zama wasan kwaikwayon ranar. Bikilin nan ya gane hannun yaro ne a kansa. Da ya hango ciyawa mai kyau sai ya dunƙufar da kai, yaron ya tafi luu har ƙirjinsa ya taɓa ƙahon sirdi, layi gaba ɗaya ya tsaya. "Umma, ba ya jin magana!" Yayarsa daga baya ta ce, "To ka ga yadda ake ji." Jagoran bai karɓe masa linzamin ba. Ya matso, ya nuna masa ya gajarta igiyar, ya kuma lura da kunnen dokin, don kunne ke fara juyawa kafin kai ya bi. Kafin mu juyo yaron ya koyi riga shi, sai ka ga ya ɗaga hannu tun dokin bai sunkuya ba, fuskar nan a murtuke kamar wani babban barde.

Da muka haura tudun farko ƙarar motoci ta ɗauke ɗif. Sai ƙarar fatar sirdi, da kofato a kan tsakuwa, da hucin dawakai. Filin cike yake da wani ɗan tsiro toka-toka, dangin tazargade ne, in doki ya taka shi ƙamshin ya taso har hanci. Daga nan muka shiga cikin dogayen itatuwa siraran nan masu ganye kamar allura, a ƙarƙashinsu gumagumai baƙaƙe a zube. Jagoran ya ce ragowar gobarar 1988 ce, wadda ta taɓa sama da kashi ɗaya cikin uku na gandun. Ya sunkuyo daga kan doki ya nuna mana 'ya'yan itacen: wasunsu a liƙe suke da ƙaro, sai zafin wuta ya narkar da shi iri ke zuba. Wato wutar da ta cinye dajin ita ta shuka wanda muke ratsawa.

A wani kwari muka tarar da ɓakane suna kiwo. Ta tagar mota mun gan su har mun gaji, amma a kan doki, ba ƙarfe ba gilashi tsakaninku, lissafin daban ne. Namijin yakan kai kilo 900, ya ninka mutum gudu sau uku, kuma a wannan gandu ba dabbar da ta raunata mutane kamarsa. Doka ta ce a ba shi tazarar yadi 25, beyar da kyarkeci kuwa yadi 100. Jagoran ya ɗaga hannu, muka tsaya cak. Wani ƙato ya ɗago kai, gemunsa duk ƙura, ya dube mu ya ci gaba da abin da yake yi. Sai aka kauce da mu ta nesa, aka bar masa hanyarsa. Kyarketan da aka maido gandun a 1995 ba mu gan su ba, kuma na ji daɗi da tun farko ba wanda ya yi mana alkawarin ganinsu.

Ashe ma da doki aka fara. An kafa gandun a 1872, shi ne na farko a Amurka, sojojin dawakai suka karɓi tsaronsa a 1886, mota kuwa sai a 1915 aka ba ta izinin shiga.

Inda suka gaza kuma sai an faɗa. Mun yi yawa a layin, na baya ba ya jin abin da jagora ke faɗa, sai ƙura yake sha. Rabin bayanin daga bakin wadda ke gabana na tsinta. Wajen hawa ma gaggawa suke yi don wani rukunin na jira, aka bar mini likkafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai da na yi magana a hanya aka gyara, gwiwata ta riga ta ji a jikinta. Ga kuma tukuicin jagora, wanda a can kamar wajibi yake, amma ba a ambata shi a shafin biyan kuɗi ba.

Mai yara ya ɗauki hawan awa ɗaya, ya ishe shi. Na awa biyu sai wanda cinyarsa ta saba. A zaɓi na safe, domin da rani hadari kan taso da la'asar, kuma da an ga walƙiya ake soke hawa. Wurin tudu ne, sama da mita 2,000, ko a watan Yuli safiyarsa da sanyi, don haka rigar sanyi mara nauyi na da amfani, a kuma sha ruwa a zaga tun kafin a hau, babu wurin tsayawa a hanya. Lokacin hawan gajere ne, galibi daga Yuni zuwa farkon Satumba, gurabe na cika da wuri. In ana jera dawakai, a roƙi a sa yara kusa da jagora.