Tsofaffin Kuɗi Masu Kan Sarki: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka, Wanne Ne Jabu

A wajen 'yan koli a Katsina, ko ranar kasuwar Mai'adua, tsofaffin kuɗi a kwano ɗaya ake zube su: anini, kwabo mai huda, taro, sisi, sule da dala. Duk wanda aka ga kan mutum a jikinsa sai a ce maka na Sarauniya ne. Kafin ka taya, fara sanin kan wane ne, domin shi zai gaya maka ƙarfen da ke hannunka.

Mai gemu da kambi, yana duban hagu, an rubuta GEORGIVS V, shi ne Sarki Joji na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, wanda kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gana da shi a Ingila a 1921. Marar gemu, shi ma yana duban hagu, GEORGIVS VI, ɗansa ne, Joji na Shida. Sarauniya Elizabet dama take duba. Idan kuwa ka ga kan mace da rubutun REPUBLIQUE FRANÇAISE, wannan ba sarauniya ba ce, tambarin Faransa ne, ta iyakar Nijar ya shigo, kuma yawancinsa sanholo ne marar nauyi.

Wanda nake ba kowa shawara ya nema shi ne sulen Joji na Biyar mai shekara daga 1913 zuwa 1919, da babbarsa dala, wato sule biyu. A bayansu akwai bishiyar kwakwar manja da rubutun BRITISH WEST AFRICA. Azurfa ce ta gaske, kashi 925 cikin 1000. Sule giram 5.66 ne, dala giram 11.31, ka ga ke nan a dala ɗaya akwai tsantsar azurfa wajen giram 10 da rabi. Ko da babu mai tara tsofaffin kuɗi da ya waiwaye ka, maƙerin farfaru zai saya da awo, kuɗinka ba su nutse ba. Sannan kuɗin ƙasar nan ne, da su aka biya haraji aka sayi gyaɗa a zamanin Dikko. Duba ƙasan bishiyar da kyau, wani lokaci za ka ga ƙaramin harafin H, alamar a birnin Bamingam na Ingila aka buga shi. Mai kyau shi ne wanda duwatsun kambi da gashin gemu suke a fili. Wanda hannu ya shafe fuskarsa, kada ka biya fiye da kuɗin azurfarsa.

Shekarar 1920 ka kiyaye ta. A cikinta azurfa ta yi tsada aka sauya zuwa tagulla mai ruwan ɗorawa, saboda haka mai wannan shekara yana iya zama ko wanne. Daga 1921 zuwa sama babu azurfa ko ƙwayar gero.

Sauran ba su da dogon bayani. Sulen Joji na Shida tagulla ne da aka gauraya, an buga shi da yawan gaske. Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 masu kan Elizabet, taro mai kusurwa 12 da auduga, sisi mai koko, dala mai gyaɗa, suna da kyau a nuna wa yara abin da aka kashe kafin naira ta zo a 1973, amma farinsu ba azurfa ba ne. Anini da kwabo mai huda ba su da hoto ma, sunan sarki kawai da tauraro. Liyari, mai kan Mariya Tereza, azurfa ce mai giram 28, sai dai duk 1780 aka rubuta musu ko da jiya aka buga, don haka kada a sayar maka da tsufa. Fam na zinariya na Ingila giram 7.98 ne, karat 22, amma wannan cinikin masu hali ne, kuma yawancin waɗanda alhazai ke kawowa kwaikwayon maƙera ne, za ka ga an buga 21 ko 875 a jiki, alamar karat 21.

Cutar da ta fi yawa, kuma ta fi ciwo, ita ce a ɗauki sulen tagulla na bayan 1920 a tsoma shi a ruwan azurfa. Hoto ɗaya ne, girma ɗaya, nauyin ma kusan ɗaya, sikeli ba zai cece ka ba. Shekarar za ka karanta. In ka ga 1922 ko 1927 yana fari fes, rini ne, ajiye musu abinsu. Wasu sukan goge shekarar su ce tsufa ne ya cinye ta. Fuska tana raɗau amma lambobi sun ɓace, wannan aikin hannu ne. Duba kumatun sarki da bakin gefe, inda yatsa ke yawan taɓawa, nan rawaya ke fara leƙowa.

Na biyu shi ne na zubi, wanda aka narka dalma da kuza aka zuba a mazubi. Irin wannan tsoho ne, tun zamanin Turawa ake yi, shi ya sa sulen Joji na Shida daga 1938 aka yi masa tsaga a tsakiyar gefe don a wahalar da masu jabu. Na zubi haruffansa a kumbure suke, fuskarsa da 'yan ƙananan ramuka, gefensa da layin haɗi. Ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani: azurfa tana yin ƙara siririya mai jan lokaci, dalma kuwa ƙwas ɗaya ta yi shiru. Maganaɗisu na kama baƙin ƙarfe, ba ya kama tagulla, saboda haka kada mai kaya ya nuna maka bai kama ba ya ce shi ke nan. A ɓangaren zinariya kuma akwai wata kwandalar tagulla mai kan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, bayanta mahayin doki da rubutun TO HANOVER. Ta wasan karta ce, ba kuɗi ba ce.

Masu cewa kwabo mai huda yana da wani sinadari a ciki, wai akwai Bature da zai saya miliyoyi, 'yan damfara ne. Mai sayar maka da wanda zai kira ka a waya ya ce yana nema, bakinsu ɗaya, kana biya lambar za ta mutu.

Ka tafi da ƙaramin sikeli mai nuna giram har da lambobi biyu bayan ɗigo, da gilashin ƙara girma, ka yi ciniki da rana a fili. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don abin wuya, kuɗin awo kawai za ka ba da. In ka saya, kada ka dirje shi da toka da lemun tsami. Duhun da ke tsakanin haruffa shi masu saye ke nema, kana wanke shi farashi zai faɗi. Kowanne ka naɗe shi a takardarsa daban, nesa da roba da danshi.