Daga Passau zuwa Biyana a kan keke da tanti: hidimar hayar kekuna ta dace da iyali?

Hanyar keken da ke bin gaɓar Kogin Danub daga Passau a Jamus zuwa Biyana a Ostiriya ta kai wajen kilomita 330, kuma yanki ce ta doguwar hanyar EuroVelo 6. Kamfanoni da dama suna sayar da hidima iri ɗaya a kanta: su ba ka keke a Passau, ka mayar a Biyana, su haɗa maka da taswira, idan ka ƙara kuɗi kuma mota ta riƙa kai maka kaya daga masauki zuwa masauki. Ga iyalin da za su kwana a tanti da yara, hayar keken ta ci kuɗinta. Kai kayan ne ke da sauran magana.

Hanyar kanta babu abin kushewa. Mafi yawanta kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, a kan tsohuwar turbar da dawakai ke jan jiragen ruwa a da, ko a saman madatsar ambaliya, inda babu mota. Ana bin ruwa ne inda ya gangara, iska kuma galibi daga yamma take busowa, wato tana bayan mai tuƙi. Shi ya sa ake farawa daga Passau. Yaro ɗan shekara takwas da ya iya birki zai yi kilomita 30 zuwa 40 a rana ba tare da kuka ba, muddin ana tsayawa duk bayan awa ɗaya. Da wannan lissafi tafiyar kwana tara ce ko goma. Tsarin da kamfanonin ke tallatawa kuwa kwana shida ne na tuƙi, kilomita 50 zuwa 60 a rana, an yi shi ne domin manya masu kwana a otal. A nemi a tsawaita kwanakin haya tun wajen biyan kuɗi.

Kekunan haya na manya yawanci masu taya inci 28 ne, da giya, da kariya ta ɗora kaya a baya, da fitila. Masu nauyi ne amma ba sa ba da wahala. Abin dubawa kafin a bar shagon yana da yawa, kuma minti ashirin da aka ɓata a nan ya fi yini guda a bakin hanya. Kariyar baya galibi kilo 25 take ɗauka, an buga adadin a jikinta. Jaka ɗaya ko biyu da ake bayarwa ba za su ɗauki tanti da katifu da jakunkunan barci na mutum huɗu ba, don haka a zo da jakunkunan da ruwa ba ya shiga, masu cin lita 20 kowace, biyu ga kowane babba, a ɗaure tanti a saman kariya. Wasu kekunan birkinsu na baya a feda yake, sai an juya ƙafa baya yake kamawa. Wanda bai saba ba zai sha mamaki a gangaren farko, sai a ce a canza.

Sai maganar faci. Iyali ɗaya na iya tafiya da girman taya uku: 28 na manya, 24 ko 20 na yaro, 20 na tirelar ƙananan yara, wato ƙaramin amalanken da ake ɗaura wa keke a baya. Shago kan ba da tub ɗaya na babban keke ya ce an gama. A sayi na kowane girma. A kuma gwada famfon a kan kowace taya a gaban mai shagon, domin bakin tub iri uku ne a can, kuma ba abin mamaki ba ne na tirela ya bambanta da na keken da ke jan ta.

Tirela ita ce mafita ga yaran da ba su kai tuƙi ba, tana kuma da dokokinta. A Jamus yara biyu kawai ake ɗauka, waɗanda ba su cika shekara bakwai ba, mai ja kuma ya kai 16. A Ostiriya dole a ɗaure yaro da bel, tirelar ta kasance da tuta a kan sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, kuma duk yaron da bai kai 12 ba sai ya sa hular kwano, ko yana tuƙi ko yana zaune a tirela. Ba kowane kamfani ke haɗa hula cikin haya ba. Ta gida da ta zauna daidai a kan yaro ta fi.

Inda tirela ke zama kaya shi ne wajen tsallake kogi. A tashar lantarki ta Jochenstein, kusa da iyakar ƙasashen biyu, ana hayewa ta kan madatsar, amma da matakala: sai an sauke yara, an cire jakunkuna, an kwance tirela, a yi sawu uku. Jirgin fito ya fi sauƙi. A Schlögen, inda kogin ya yi lanƙwasa kamar zai koma inda ya fito, hanyar gaɓar arewa tana ƙarewa, babu zaɓi sai ƙaramin jirgin fito na kekuna. Waɗannan jirage daga bazara zuwa kaka suke aiki, suna tashi aiki da yamma, kuma a riƙe musu tsabar Yuro a aljihu. Wanda ya iso a makare da yara gajiyayyu zai ga sansanin kafa tanti a ɗaya gaɓar ba shi da hanyar isa.

Hidimar kai kaya an gina ta ne a kan otal: a ajiye akwati wajen mai karɓar baƙi da safe, direba ya ɗauka, ya sauke a otal na gaba. Sansanin tanti ba haka yake ba. Raɓar bakin kogi tana jiƙa tanti sharkaf, ba ya bushewa sai rana ta ɗaga, direba kuwa da sassafe yake zuwa. Ko dai a naɗe shi a jiƙe ya yini a mota yana warin danshi, ko a rasa motar. Ga shi kuma hidimar tana ɗaure iyali da wurin kwana tun kafin a tashi, alhali babbar fa'idar tanti ita ce a tsaya inda yara suka gaji. Gara a rage kaya a ɗauka da kai. Wanda ya nace, ya tabbatar a rubuce cewa kamfanin yana zuwa sansanoni, da sunan kowane ɗaya.

Sansanonin suna nan a jere, a Schlögen da Inzell, a bakin tafkin Pleschinger kusa da Linz, a Au an der Donau, Grein, Melk, Rossatz, Tulln da Klosterneuburg. Yawancinsu suna da filin ciyawa na masu keke, da banɗaki da wurin wanka, a wasu ruwan zafi sai an jefa tsaba. Soket ɗin filin shuɗi ne mai baki uku, cajar waya ba ta shiga sai da mahaɗi. Kafa tanti a daji ba da izinin mai shi ba haramun ne a dokar gandun daji ta Ostiriya ta 1975. Tukunyar gas ba ta hawa jirgin sama, a saye ta a Passau, a duba ko mai murɗawa ce ko mai maƙalawa, domin kan murhu ɗaya ba ya shiga duka biyun.

Manyan kantuna irin su Spar, Billa da Hofer a rufe suke ran Lahadi, ran Asabar ma ƙarfe shida na yamma suke rufewa. A yi cefanen kwana biyu kafin nan. Mai kauce wa naman alade ya haddace kalmomin Schwein, Speck da Schinken a jikin leda. Sauro yana da yawa a dausayin kogi da magariba, kaska kuma tana cikin ciyawa, kuma a wannan yanki tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da ake yi wa riga-kafi makonni kafin tafiya. A duba bayan kunne, hammata da bayan gwiwar yara kowane dare. Ambaliya ma ba wasa ba ce, an ga ta watan Yunin 2013 da ta Satumbar 2024, sansanonin bakin ruwa su ake fara rufewa.

Yankin Wachau, kilomita 35 tsakanin Melk da Krems, ya cancanci kwana biyu. Gaɓar arewa tana ratsa gonakin inabi da ƙauyukan Spitz da Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, sai dai lungunan matsattsu ne, cike da jama'a. Da tirela gaɓar kudu ta fi kwanciyar hankali, a kwana a Rossatz, a haye Dürnstein da jirgin fito ba tare da kaya ba.

Masu buƙatar bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da Ostiriya da ita, su nema a ofishin jakadancin Ostiriya, tunda can za a fi daɗewa: Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A tambayi kamfani adireshin da za a mayar da kekuna a Biyana da lokacin rufewarsa, a kuma tabbatar tirela da keken yaro suna cikin abin da za su karɓa a can, ba sai an koma da su Passau a jirgin ƙasa ba.