Filtar rage haske ta faranta min rai da azahar, ta cinye min hoton shekara da la'asar

Sati uku ke nan da abin ya faru, amma har yanzu in na buɗe hotunan ranar a kwamfuta sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Na so in yi shiru, to amma mutum biyu sun riga sun tambaye ni ko su sayi irin filtar da suka gani a bakin kyamarata ranar wasan mota, shi ya sa na ce gara in rubuta kowa ya karanta, in huta da maimaita labari.

Filtar da nake nufi irin mai juyawar nan ce, wadda ake rubuta wa ND2-400 a gefen zobe, mai faɗin 58mm. Kun san irinta, kun san masu tallarta a Instagram, kun kuma san abin da suke yanka wa mutum. Tawa ta iso cikin wani ɗan akwatin roba mai murfi, babu ko takardar bayani.

Kyamarata tsohuwa ce, Canon 700D ta 2013, da dogon ido 55-250mm da kuma gajeren nan 18-55mm da ake haɗo ta da shi. Ban taɓa jin kunyarta ba. Matsalata da rana ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar masu dirif, wato masu zamiya da mota a karkace, ya san in ka sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a 1/1000 na daƙiƙa, hoto zai fito tas, amma motar za ta zama kamar an yi fakin ɗinta a karkace an tafi masallaci. Kana iya ƙirga ƙusoshin taya. Abin da ke sa mai kallo ya ji ƙarar inji a cikin hoto shi ne tayar da ta narke don juyi, da bayan fage da ya zama zare-zare, ita kuwa motar tana tsaye cak a tsakiya. Wannan ba ya samuwa sai ka sauko da shota zuwa 1/80 ko 1/60, kana bin motar da kyamara. Irin hotunan da Larry Chen yake ɗauka a gasar Formula Drift ta Amurka ke nan, waɗanda suka hana ni barci tun farko.

To a ranar bazararmu, ISO 100 ita ce ƙarshen ƙasa a ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamarata, kuma lissafin da kowa ya sani shi ne ƙofar haske f/16 a shota 1/100 in rana ta take. Ka sauko 1/60, sai ƙofar haske ta matse zuwa wajen f/22. A nan ne duk ƙurar da ta kwana a kan sensa, farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, tun hunturun bara take fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama, hoton kuma ya yi laushi. Na taɓa kwana ina goge ɗigo a manhajar gyaran hoto ta Lightroom har aka kira asalatu. Shi ya sa na nemi abin da zai rage hasken tun daga ƙofa.

Gaskiya ɗaya ce, awa biyun farko na ji daɗinta ƙwarai. Filin a bayan gari yake, kwalta ce tsohuwa da aka kewaye da tayoyi, mu 'yan hoto aka ba mu gefen yamma. Na ɗaura ta a dogon ido, na murza har na rage haske kamar mataki uku, kowane mataki yana raba hasken biyu, sai ga 1/60 a f/8. Na sa kyamara a Tv, inda ni ke zaɓar shota ita kuma ta zaɓi ƙofar haske, fokas a AI Servo mai bin abin da ke motsi, na zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, na kunna harbi a jere. Ƙafafuna na fuskantar inda motar za ta fita, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙugu kaɗai ke juyawa, kuma ba na tsayawa bayan na danna sai motar ta wuce. Wani abu da na koya da wahala: motar dirif ba kamar motar tsere ba ce, tana tafiya tana kuma juyawa a kan kanta, don haka gaba da baya ba sa fitowa tas a lokaci guda. Sai ka zaɓi wuri ɗaya ka liƙe masa. Ni fitilar gaba ta ɓangaren direba nake bi. A cikin goma, biyu ko uku ne ke fitowa, kuma wannan ba laifin filta ba ne, haka sana'ar take.

Sannan ga wata garaɓasa da ban yi tsammani ba. Da yake irin wannan filtar gilasai biyu ne masu tace ƙyalli aka haɗa, ɗaya na juyawa a kan ɗaya, sai na ga ƙyallin rana ya ragu a gilashin gaban motocin. A wani hoto na wata farar BMW E36 har hannun direba ana gani a kan sitiyari, ya karya shi gaba ɗaya zuwa dama alhali motar na zagaya hagu. Na tsaya ina kallon ɗan sikirin ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. A zuciyata na riga na ba ta tauraro biyar. Har na tura wa wani abokina saƙo cewa kuɗina sun yi albarka.

Da na san abin da ke tafe da ban tura ba.

Bayan sallar la'asar aka ce za a yi na biyu-biyu, mota na bin mota ƙofa da ƙofa, sannan su rufe da zagaye a tsakiyar fili. Wani daga cikin masu shirya abin, wanda muka saba gaisawa, ya yafito ni. "Mai hoto, zo nan ka tsaya bayan tayoyin nan, kar dai ka wuce su." Wuri ne da ban taɓa samu ba, kusa sosai, dogon ido ba zai yi aiki ba. Da sauri na kwance filta na mayar da ita kan gajeren ido, tunda bakinsu ɗaya ne, na juya zuwa 18mm. Na duba lissafi, komai daidai, 1/50 a f/8. Batir ya fara ja baya, don haka tun da rana na kashe nunin hoto bayan ɗauka, ai ko an nuna ma ba a gani a cikin wannan hasken.

Abin da ban lura da shi ba: zoben gaban filtar ba shi da birki. Babu inda yake tsayawa, ko a Min ko a Max, juyawa kawai yake kamar murfin kwalba da ya lalace, kuma sako-sako ne har iska ma za ta iya motsa shi. Ina zaton lokacin da na kare bakin kyamara da tafin hannu saboda tsakuwar da mota ta farko ta watso ne na goge shi. Ya zarce har bakin Max, ko ma ya wuce.

Na ga tagar leƙe ta yi duhu, ba zan yi ƙarya ba. Amma a daidai lokacin hayaƙin taya ya turnuƙe, warin roba ya cika min hanci, idona na hawaye, sai na ɗauka hayaƙi ne. Ita kuma kyamara, baiwar Allah, da ta ga haske ya ragu sai ta wangale ƙofa ta ci gaba da aikinta. Motocin biyu suka shigo, ja a gaba baƙa a baya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba. Rana ta sauko ta bayansu ta huda hayaƙin ya zama ruwan zinare. Na bi su, na danne maɓalli, ina jin tas-tas-tas, biyar a daƙiƙa. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Ka san akwai lokacin da jikinka ke gaya maka ka samu tun kafin ka duba. Suka dawo zagaye na biyu, na sake. Na uku, na sake. Mutane na ihu, wani yaro a bayana yana dukan kafaɗata yana cewa, "Yaya ka ɗauka? Wallahi Yaya ka ɗauka?" Na ce masa na ɗauka.

Sai da na koma gindin wata bishiya na lulluɓe kaina da riga na danna maɓallin dubawa. Hoto arba'in da wani abu, kowanne da ƙaton baƙin gicciye a kansa, daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda malamin firamare ke soke lissafin da aka faɗi. Gefe biyu haske, gefe biyu duhu mai ratsin shunayya. Abin da ya fi ci min rai, a ƙarƙashin giccin komai ya yi daidai. Fitilar jar motar tas take, tayoyi sun narke, 'yan kallo sun zama zare. Hoton da nake nema shekara biyu yana nan, an dai zana masa X a fuska.

Direban jar motar ya zo da kansa, gumi na zuba, kwalkwali a hannu. "Malam, an ce kai ne a kusa. Mu gani mana." Na rasa abin cewa. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ba za a iya gyarawa ba?" Na ce zan gwada. Na gwada kuwa, kwana biyu. Ba ya gyaruwa, balle ma a JPEG na ɗauka, don a RAW, ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara, kyamarar kan tsaya numfashi bayan hoto kamar shida, ni kuma ba na son ta tsaya min a tsakiyar kwana.

Daga baya na fahimci dalilin. In gilasan nan biyu suka kusa gicciye juna sosai, ba sa rage haske daidai a ko'ina, kuma faɗin ido kamar 18mm shi ya fi tona wannan asiri. Masu tsadar ana yi musu birki a zobe don kar su kai wurin, shi ya sa ma ba sa cika baki da 400, sai ka ga an rubuta mataki biyu zuwa biyar an tsaya. Na rubuta wa wanda ya sayar min. Amsarsa: "Alhaji ai duk haka suke, sai dai a riƙa kula." Na ce to me ya hana ka faɗa min ranar da nake tura kuɗi? Ya turo min hoton hannu biyu a haɗe. Shi ke nan.

In zan yi adalci, ina da nawa kason. Da na bar nunin hoto a kunne, da hoton farko ya isa ya farkar da ni. Da na manna ɗan salatif a zoben bayan na saita, da ba a yi haka ba. Da na kulle ƙofar haske da kaina a M, inda mutum ke saita komai da hannu, da duhun ya tsorata ni na duba. Kwana uku ina faɗa wa kaina haka, har na fara huce wa filtar, na ce abin araha ne, ta yi abin da za ta iya, tauraro uku ya dace da ita.

Sai na zauna tace hotunan rana, waɗanda na yi ta yabo. A babban sikirin labari ya canza. Duk wanda na ɗauka daga 200mm zuwa sama laushi ne da shi, rubutun jikin mota kamar an shafa masa man kaɗanya. Na ɗauka hannuna ne, sai na kafa kyamara a kan tebur na ɗauki kalandar bango da filta da kuma babu filta. Bambancin ko makaho ya shafa zai ji. Farar BMW ɗin nan kuma ta koma ruwan ƙwai-ƙwai, hayaƙin ya yi kalar kunun gyaɗa. Wannan ana iya gyarawa, amma kalar ba ɗaya ba ce, tana sauyawa da yadda ka murza zobe, don haka kowane hoto sai ka bi shi shi kaɗai. Wata mota mai baƙin gilashi kuwa, tagoginta sun fito da bakan gizo kamar mai ya zube a ruwa.

Kuma na tuna da wani abin da na manta don takaicin giccin. Gaban filtar ya fi bayanta faɗi, saboda haka murfin idon kyamara ba ya shiga, rumfar kare rana ma ba ta zama. A wurin da ɓarɓashin taya da tsakuwa ke tashi, an bar ka da gilashi tsirara. Na cusa murfin a aljihu, wajen tsalle-tsallen kauce wa mota ya faɗi. Da na dawo gida kuma filtar ta ƙi kwancewa, ƙura ta shiga zaren, in na murza sai zoben gaba ya yi ta juyawa na baya na zaune daram. Da robar ɗaure kuɗi na naɗe siririn zoben bayan, na yi ta lallaɓawa kusan minti ashirin ina addu'ar kar in karya bakin idon da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. A nan ne tauraro ukun ya koma ɗaya da rabi, rabin ma don hannun direban E36 ne.

Mai bidiyo da ke tsaye wuri ɗaya yana kallon sikirin koyaushe, wataƙila ta yi masa amfani. Mai bin mota a cikin hayaƙi da ido ɗaya a rufe, ya nemi ND8 marar juyawa, mataki uku cif, babu abin da zai goce. Ita na sa a kawo min yanzu, in rana ta yi sanyi in cire ta in sa a aljihu. Direban jar motar ya sake yi min magana shekaranjiya, wai ko giccin ne in turo masa haka nan zai ɗora. Na tura masa guda ɗaya. Murfin kuwa na koma filin washegari na duba bayan tayoyin nan, ban gan shi ba.